Wanzami da Allurar Barci

Mahaifina wanzami ne, ni kuma sana'ata sa mutane barci kafin a yi musu tiyata. Tun ranar da na gaya masa ɓangaren likitancin da na zaɓa bai daina yi mini tsiya ba. Ya ce shi dai ya san likitan ido, ya san likitan haƙori, amma likitan barci a kaina ya fara ji, kuma in don barci ne ai tuwon dare ma yana sawa, ba sai an kai yarinya jami'a ba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini, sai in tsokana ta motsa masa ya ce Likitar Barci.

Abin da na tashi da shi a kunne shi ne kukan yara lokacin sanyi. A soron gidanmu a Kano ake yin kaciya, mu mata ba ma leƙawa, amma katangar ƙasa ba ta hana ji. Sai ka ji an shigo da yaro ana lallaɓarsa, sai shiru, sai ƙara guda ɗaya mai tsawo da ke sa kaji su watse a tsakar gida. Baba ba ya aiki shi kaɗai. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, shi ne mai riƙo. Ƙato ne mai sanyin hali, yakan zauna bayan yaro ya rungume shi ta baya, ya harɗe ƙafafunsa da nasa har a gama. Baba yakan fito ya wanke hannu ya ci abincinsa hankali kwance. Baffa kuwa sai ya koma gindin katanga yana murza damatsansa, a ajiye masa kwano ya ƙi buɗewa. Na taɓa tambayarsa ko gajiya ce. Ya ce, “Babanki askarsa kawai yake kallo. Ni ne nake jin yaron.” Ban gane ba a lokacin, na ɗauke kwanon na mayar.

A farkon shekarun dubu biyu muka zo Amurka ni da maigidana, shi injiniya ne. Mun fara zama a jihar Maryland, a wani ɗan gidan bene a Greenbelt, daga baya muka koma Lanham da yara suka ƙaru. A lokacin da nake koyon aiki, akwai wani tsohon malami da ba ya yarda ka taɓa allura sai ya ba ka tarihin sana'ar. A wurinsa na ji cewa har tsakiyar ƙarni na goma sha tara, Turawan nan ma ido biyu suke yanka mutanensu. A ɗura wa mutum giya ko wani abin sa maye, in ya yi aiki to, in bai yi ba shi ke nan. Gwanin likita a lokacin shi ne mai sauri. Kuma kowane asibiti yana da ƙarti waɗanda aikinsu kawai su danne majiyyaci a kan tebur. Malamin ya ce sana'armu ta zo ne ta sallami waɗannan ƙartin. 'Yan ajinmu suna ta yamutsa fuska kamar ana ba su labarin dodo. Ni kuwa ban yamutsa ba, don ni na san ɗaya daga cikin ƙartin, ya sha goya ni a wuyansa.

Na fi shekara goma ina aiki lokacin da yayana ya kira daga gida ya ce Baba ya rame, ba ya cin abinci, kuma ya hana a faɗa mini. Na yi faɗan da zan yi, na haɗa takardu, aka sako shi a jirgi. Da na gan shi a filin jirgi sai da na juya baya na gyara fuskata. Rigarsa ta yi masa yawa. Amma cikin akwatinsa, a saman kayan sawa, zabirarsa ce, jakar fatar da yake zuba askake da ƙaho. Na ce, “Baba, wa za ka yi wa aski a Amurka?” Ya ce, “Ba su da kai ne?” Kafin mako ya zagayo ya aske maigidana ƙwal, ya aske jikokinsa suna ta ƙorafi da Turanci yana ba su amsa da Hausa, kuma magana ta bazu. Ranar Juma'a bayan an sauko sai ka ga direbobin tasi 'yan Nijar sun yi layi a garejinmu, kowa ya cire hula. Kwanakin nan su ne na ƙarshe da na gan shi cikin walwala.

Gwaji ya nuna ciwon daji ne a hanji, ya kusa toshe hanya. Babu wata dabara sai tiyata. Na zaunar da shi a falo na yi masa bayani dalla-dalla, ina jiran ya ce ba za a taɓa shi ba. Sai ya ba ni mamaki.

“A yanka mana,” ya ce. “Abin da ya ruɓe ai cire shi ake yi. Yaushe?”

Na ce mako mai zuwa, kuma ba zai ji komai ba, za a yi masa allura ya yi barci, ya farka an gama.

“A'a. A yanka ina kallo.”

Na yi dariya, don na ɗauka tsiyar da ya saba ce. Da na dubi fuskarsa na daina. Na ce masa ciki ba kaciya ba ce, babu ɗan Adam da zai iya, kuma babu likitan da zai yarda a ƙasar nan. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Ya bar ni na gama sannan ya ce, “Uwata, ba jarumta nake nuna miki ba. Ina wurin lokacin da mahaifina ya cika. Ya yi kalmar shahada da bakinsa, muna ji, sannan ya tafi. Tun ranar ban roƙi Allah wani abu kamar yadda na roƙi wannan ba. Ke kuma kina so ki kwantar da ni kamar buhu, in mutuwa ta zo ta same ni ban san ma ta zo ba.”

Na san adadin mutanen da ke farkawa lafiya, na san yadda muke lura da numfashi da bugun zuciya, amma duk wannan ba shi ya tambaya ba. Maigidana ya kawo wani malami daga masallaci ya yi masa nasiha a kan halaccin magani. Baba ya saurare shi cikin ladabi, ya raka shi har bakin mota, ya dawo ya ce yaron yana da ilimi amma gyaran gemunsa bai yi ba. Kwanaki suna tafiya, cikinsa yana kumbura, ya koma kunu kaɗai, kunun ma yana dawowa.

Sai wata dabara ta zo mini, wadda na ɗauka wayo ce. Akwai wani gidan tarihin likitanci a Silver Spring inda aka ajiye kayan aikin likitocin yaƙin basasar Amurka. Na ce in ya ga zartunan da ake yanke ƙafafu da su, zai tsorata ya yarda. Na manta da wa nake tafiya. Da muka je, Baba ya tsaya gaban gilashin da aka jera kayan a ciki ya sa hannu a baya yana duban wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, kamar ya je rumfar maƙera a kasuwa. Ya yaba ƙotar wata, ya ce wata kuma ta yi nauyi, mai ita zai gaji da wuri. Tsoro ko ɗigo babu.

Na ja shi gaban wasu 'yan gwangwanaye da wani abu kamar mazurari. Na ce masa a nan sana'ata ta fara. Na ba shi labarin yadda samarin wancan zamanin suke shaƙar wani ruwa mai ƙarfin wari da ake kira ether don nishaɗi, su yi ta tangaɗi suna buguwa da kujeru ba sa jin zafi, har wasu masu hankali suka lura. Na gaya masa yadda wani mai cire haƙori a Boston ya shaƙa wa wani mutum shi a gaban manyan likitoci, aka yanke masa wani ƙari a wuya bai yi ihu ba, kuma kafin a daɗe labarin ya ƙetare teku. Daga baya aka samo wani mai suna kulorofom, ana ɗiga shi a ƙyalle a ɗora a hanci. Na ce har a lokacin akwai masu cewa zafi daga Allah yake, bai kamata a kauce masa ba, amma mutanen da aka danne a tebur ba su tsaya sauraronsu ba.

Ya saurara da kyau, har ya ce Allah Ya saka wa mai cire haƙorin. Sannan ya nuna gwangwanin da haɓa.

“Duk wanda aka ɗora wa ƙyallen ya farka?”

Da wani ne da na san yadda zan zagaye tambayar. Na ce a'a. A farkon lamarin akwai waɗanda zuciyarsu ta tsaya nan take, har da masu ƙananan ciwo irin na farce. Na yi saurin cewa yanzu ba haka ba ne, an yi nisa ƙwarai. Ya gyaɗa kai kawai ya ce mu tafi, ƙafarsa ta gaji.

A hanyar komawa muka maƙale a cunkoson babban titin Beltway, motoci ko motsi ba sa yi. Ina riƙe da sitiyari hawaye suna zuba, na ƙi sharewa don haushi. Haushinsa nake ji, da haushin kaina, da na tsohon malamin da ya cusa mini tarihin. Can Baba ya yi gyaran murya.

“Ke za ki yi mini allurar?”

Na ce doka ba ta bari mutum ya yi wa mahaifinsa, amma abokiyar aikina ce za ta yi, kuma zan tsaya kusa da shi har ya yi barci.

“To ga sharaɗina. Kafin a yi, a bar ni in yi kalma. Wannan ɗaya. Na biyu, in kika ga abin ya juya, kin san tafiya ce, ki tashe ni. Kada ki bari ta same ni ina barci. Kin ɗauka?”

Na ce na ɗauka. Da sauri na faɗa, kamar yadda ake amsa wa yaro don ya sha magani. Ya sa na maimaita, ya ce Allah ne shaida, sannan ya jingina da kujera ya rufe ido.

Ranar tiyata abokiyar aikina ta tsaya da sirinji a hannu tana jira. Mukan ce wa majiyyaci ya ja numfashi ko ya yi tunanin wani wuri mai daɗi. Baba ya yi shahada a fili, muryarsa tar, ya dube ni ya ce, “To, a zuba.” Ya tafi yana riƙe da babban yatsana. Da ya farka da yamma abin da ya fara cewa shi ne yaushe za a fara. Na ce an gama. Ya shafa cikinsa ya ji bandeji, sannan ya ce, “To ina zafin ya tafi?” Har da ɗan ɓacin rai ya faɗa, kamar an yi rabon wani abu ba a ajiye masa ba. Washegari ya ce wa maigidana ashe sana'ar yarinyar nan ba ta banza ba ce. Wannan shi ne yabon da na samu a wurinsa, kuma ya ishe ni.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe shi. Inda aka haɗa hanjin ya ɓalle, ƙazanta ta zuba a ciki ta shiga jini. Yana faruwa, ko a hannun gwani, balle ga tsoho da ya rame. Aka koma da shi tiyata cikin gaggawa, ya riga ya fita hayyacinsa, babu damar kalma. Daga can aka wuce da shi ɗakin masu jinya mai tsanani, da bututu a maƙogwaro, inji yana yi masa numfashi, magungunan barci da na kashe zafi suna shiga jijiyarsa ba tsayawa. An ɗaure hannayensa da ƙyalle mai taushi a jikin gado, yadda ake yi wa kowa don kada ya fizge bututun. Ƙodarsa ta tsaya, sannan hantarsa ta biyo baya. Ni likita ce, na iya karanta allon da ke saman kansa, ban buƙaci a fassara mini ba.

Likitar da ke kula da shi ta kira mu gefe bayan azahar, ni da maigidana. Mace ce mai kirki, mun sha haɗuwa a wurin aiki. Ta ce ba zai kai gobe ba, kuma abin da ya rage shi ne a bar shi cikin barcinsa ya tafi ba tare da wahala ba. Abin da ni ma zan faɗa wa kowane iyali ke nan, na sha faɗa.

Na ce ina so a rage magungunan ya farka.

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Ta ce, “Kin fi ni sanin abin da zai ji.” Na ce na sani. Cikinsa a buɗe yake ƙarƙashin bandeji, ga bututu a wuya, ga jiki duk a kumbure. Na yi mata bayanin alkawarin, da Turancin da bai da wurin ajiye irin wannan magana. Ta ce tunda shi ya nema da bakinsa yana cikin hankalinsa, za ta yi, amma za ta bar ɗan maganin zafi, kuma ba za ta ja abin da tsawo ba. Maigidana ya ja ni gefe ya ce, “Ai ya yi kalma ranar farko. Allah Ya ji. Kada ki ɗora wa kanki wannan.” Gaskiya ya faɗa, kuma na so ƙwarai in karɓa. Amma ba shi ne yake cikin motar ba.

Bayan la'asar aka rage. Na kwance ƙyallen hannunsa na dama don ya sami damar ɗaga yatsa. Ma'aikaciyar jinya ta ce in haka ne dole wani ya riƙe shi, za ta kira maza biyu daga waje. Na ce kada ta kira kowa. Na sauke ƙarfen gefen gadon, na zura hannu ta ƙarƙashin kafaɗarsa, na rungume ƙirjinsa, na danne damtsensa na dama da ɗayan hannuna, na bar masa tafin a sake. Maigidana ya sunkuya daidai kunnensa ya fara faɗin kalmar a hankali, yana maimaitawa.

Gumi ne ya fara zuwa. Sannan na ji jikinsa ya ɗaure a hannuna, duk naman ya tashi lokaci guda, bayansa ya bar katifa. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinsa ba. Hannun da na danne yana neman bututun, ina mayar da shi. Ya buɗe ido, ba ya ganin kowa, hawaye suna gangarawa cikin kunnensa. Babu sauti ko kaɗan, don bututun ya bi ta inda murya ke fita. Ihun duk a ƙirjina na ji shi. Na yi shekara da shekaru ina hana wannan abin faruwa ga baƙin da ban san sunan iyayensu ba, ga shi ni ce na nema wa mahaifina. Na sa bakina a kunnensa na ce, “Baba, Uwarka ce. Ka ce in tashe ka. Ta zo.”

Idonsa ya yi yawo, ya dawo, ya tsaya a kaina. Ya gane ni, wannan ba na shakka. Hannun ya daina kokawa. Leɓensa ya motsa a jikin bututun yana bin maigidana, kuma manuniyarsa ta miƙe a kan zanen gado, ta tsaya a miƙe har aka kai ƙarshen kalmar. Na ɗago na yi wa ma'aikaciyar tsawa ta mayar da maganin, tsawar da har yau in na tuna nake jin kunyarta. Ban sake shi ba sai da na ji jikin ya saki. Ya cika kafin magariba, a cikin barci, bai sake cewa komai ba bayan wannan.

A Maryland aka binne shi. Maigidana yana cikin waɗanda suka yi masa wanka, kuma sai da aka daɗe ya gaya mini ya ga shaidar yatsuna a damtsen Baba, ta yi baƙi. Mutane suka cika gidan Lanham, 'yan garejin aski suka zo da hulunansu a kai. Kowa ya ji labari sai ya ce Baba ya dace, ya cika da kalma, ko nishi bai yi ba, jarumi ɗan jarumi. Ina amsawa da amin. Ban gaya wa kowa dalilin da ya sa bai yi nishin ba.

Ranar uku yayana ya kira ya ce ga Baffa yana son magana da ni. Ya tsufa sosai, muryarsa tana karkarwa. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce an gaya masa an ta da Baba ya yi kalma. Na ce haka ne. Duk masu kira a nan suke tsayawa su yi hamdala. Baffa kuwa sai ya ce, “Da ciwon a jikinsa aka tashe shi?”

Na ce e.

“Wa ya riƙe shi?”

Na ce, “Ni ce, Baffa.”

Na ji numfashinsa a wayar, mai nauyi. Ya ce, “Kin ci abinci?” Na dubi kwanon da aka ajiye mini tun safe, a rufe yadda aka kawo shi. Na ce zan ci. Ya ce, “A'a, ba za ki iya ba yau. Bar shi kawai.”